Ko Ruɓaɓɓen Itace Ya Cancanci Gatari?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur, tsadar sufuri ta taɓa duk abin da ake ɗorawa a mota, har da itacen girki. Iskar gas ta yi tashin da ya sa magidanta da yawa a Kano da Zariya da Katsina suka jingine tukunyarta suka koma murhu, kananzir kuwa dama ya daɗe da fin ƙarfin talaka. A ɗaya gefen kuma, dazuzzukan da aka saba samo itace daga cikinsu, irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana, sun zama wuraren da mai gatari ba ya shiga sai da kasadar rai. Saboda haka kututturen da a da ake tsallakewa a bakin gona, da gungumen da ya shekara biyu yana kwance a kwari, yanzu sai an tsaya an dube su.

Tambayar da mai gatari ke yi wa kansa a gaban irin wannan itace ita ce: wahalar sara da faskare da dako za ta biya kuwa? Amsoshin da aka fi ji guda biyu ne, kuma dukansu na gaggawa ne. Wasu na cewa wuta ba ta zaɓe, duk abin da ya bushe makamashi ne, kuma da babu gara ba daɗi. Wasu na ganin ruɓaɓɓen itace hayaƙi ne kawai da toka, wanda ya ɗauko shi hawaye ya ɗauko wa uwargida. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, itacen da ruɓa ta tsaya a gefensa, zuciyarsa na nan da ƙarfinta, ya cancanci gatari, barinsa ma asara ce. Wanda ruɓa ta ratsa har ciki ya koma kamar soso kuwa, amfaninsa a ƙasa ya fi amfaninsa a murhu nesa ba kusa ba, don haka a bar shi inda ya faɗi. Abin da ya rage shi ne yadda za a bambance su, da kuma wanda ke ɗaukar asara idan aka ƙi bambancewa.

Kalma ɗaya, halaye uku

Rikicin daga harshe ya faro. A maganar yau da kullum, musamman a birni, kalmar "ruɓaɓɓe" tana ɗauke da aƙalla halaye uku waɗanda ba su da alaƙa da juna wajen ƙonuwa. Na farko shi ne itacen da funfuna da danginta suka shiga suka cinye jikinsa, wanda shi ne ruɓa ta ainihi. Na biyu shi ne wanda gara ko ƙwari masu huda suka yi wa ɓarna, suka bar shi da ramuka da gari. Na uku kuwa bai ruɓe ba sam, damina ce kawai ta doke shi, ɓawonsa ya yi baƙi ya saɓule, amma ciki lafiya lau. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu faskare ya ji yadda suke rarrabewa: wannan ya yi kogo, wancan gara ta shige shi, wannan ya rududduge, wancan bayansa ne kawai. Su a wurinsu kowace magana hukunci ce game da farashi da kuma yawan gumin da za a zubar. Mai saye ne ke tattara su duka a kalma guda, sannan ya yi mamakin yadda dami biyu masu kama ɗaya suka ba shi wuta iri biyu.

(Manazarcin harshe ba zai wuce nan ba tare da murmushi ba, domin karin maganar da aka kawo a sama, "da babu gara ba daɗi", a rubuce tana iya zama magana kan ƙwaron da ke cin itacen. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gara ta zaɓi da gara ta suri da garar amarya duk riga ɗaya suka sa.)

Abin da ruɓa ke ɗauka

Jikin itace ya ginu ne a kan abubuwa biyu manya. Akwai zaren itace, wanda masana kimiyya ke kira selulos, da kuma wani sinadari mai kama da danƙo da ke ɗaure zaren ya ba shi tauri, wato liganin. Waɗannan su ne abincin wuta, kuma su ne abincin funfuna. Wato dai ruɓa da ƙonuwa aiki ɗaya suke yi: dukansu suna mayar da itace iska da ruwa. Wuta cikin sa'a guda take gamawa, funfuna kuwa sai ta shekara da shekaru. Duk abin da funfuna ta ci, murhu ya rasa shi har abada.

Daga cikin funfunar da ke ruɓar da itace akwai manyan iri biyu a bisa rabe-raben masana. Akwai mai cin zaren ta bar liganin, wadda ke mayar da itace launin ƙasa-ƙasa, ya tsattsage gida-gida, ya riƙa marmashewa a hannu. Akwai kuma mai cin duka biyun, wadda ke barin itace fari fat, mai laushi, yana yagewa zare-zare kamar dafaffen nama. Idan aka ga naman kaza ya tsiro a jikin gungume, alama ce cewa funfunar ta daɗe da kafa gida a ciki, domin abin da ido ke gani 'ya'yanta ne kawai.

A nan akwai wata gaskiya da ta saɓa wa zaton mutane da yawa. Kilo ɗaya na itacen da aka busar ƙayau yana ɗauke da zafin da ya kai megajul 18 zuwa 20, kuma wannan adadi bai cika canjawa sosai tsakanin irin itace da wani ba. Ruɓa ma ba ta rage shi da yawa. Kilo guda na busasshen ruɓaɓɓen itace yana ba da zafi kusan daidai da kilo guda na lafiyayye. Abin da ruɓa ke ragewa shi ne yawan kilo da ke cikin gungumen. Girmansa na nan yadda yake, amma cikinsa ya zama holoƙo. Dalilin da ya sa ƙirya da marke suka fi rimi daraja a murhu ke nan: guntun ƙirya ya kai kusan ninki uku na nauyin guntun rimi mai girma ɗaya da shi. Ruɓa, a taƙaice, tana mayar da marke rimi ne sannu a hankali. To amma marken da ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa har yanzu ya fi lafiyayyen rimi zafi da nisa, kuma babu wanda ke jefar da rimi don ba shi da nauyi.

Wani abin lura kuma shi ne ƙarfin itace yana riga nauyinsa tafiya. Tun ruɓa na farkonta, kafin itace ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ya riga ya rasa babban rabo na ƙarfin da yake da shi na ɗaukar kaya da jure bugu. Saboda haka masassaƙi da magini suna da gaskiya idan suka ƙi shi. Ba zai yi turmi ba, ba zai yi ƙota ba, ba zai yi ginshiƙin rumfa ba. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin masassaƙi a kai madafa. Itacen da ya faɗi jarrabawar gizago yana iya cin ta murhu da kyau, kuma ina ganin yawancin abin da ake ƙyamata a matsayin ruɓaɓɓe a wannan aji yake.

Sai kuma tsarin bishiyar kanta. Manyan itatuwanmu masu tauri, irin su ƙirya da maɗaci da bagaruwa, suna da zuciya mai duhu wadda bishiyar ta cika da sinadaran da funfuna da gara ba sa so, da kuma farin gefe da ke ƙarƙashin ɓawo wanda ba shi da wannan kariya. Idan gungume ya faɗi, farin gefen ne ke fara lalacewa, zuciyar kuwa tana iya shekaru ba ta ji komai ba. A bishiyar da ke tsaye da rai lamarin yakan juye. Funfuna na shiga ta inda aka sare reshe, ko inda gobarar daji ta ƙone gindi, ko inda masu magani suka yi sassaƙe ba tausayi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan sai ta bi zuciya ta yi kogo, gefen na nan da rai. Don haka kallon bayan itace ba ya isa hukunci. Sai an sare shi an ga tsakiya.

Ruwa ne babban abokin gaba

Mafi yawan ƙorafin da ake yi kan ruɓaɓɓen itace, idan aka bi diddigi, ƙorafi ne kan ruwa. Ruɓa tana buɗe jikin itace ta mayar da shi mai tsotse ruwa da riƙe shi. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Kafin wuta ta mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi tana kashe kimanin megajul 2.4. Kilo guda na itacen da ya sha iska har ruwan jikinsa ya sauko kashi 20 cikin 100 zai ba da zafi wajen megajul 15. Wanda rabinsa ruwa ne da ƙyar zai haura 8. Ga shi kuma tururin na sanyaya wutar, ƙonuwa ta ƙi kammala, sai hayaƙi ya turnuƙe.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, inda itace ke iya buƙatar shekara guda ko fiye kafin ya bushe, wannan babbar hujja ce ta guje wa ruɓaɓɓe. Mu kuwa Allah ya ba mu hunturu. Funfuna ba ta aiki idan ruwan jikin itace ya yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma iskar da ke kaɗawa a ƙasar Hausa daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana sauko da faskararren itace ƙasa da haka cikin makonni kaɗan. Ma'ana, faskare da shanya ba busarwa kawai suke yi ba, suna tsayar da ruɓar cak a inda ta kai. Gungumen da aka bari a ƙasa har damina ta sake zagayowa zai ƙara yin asara, wanda aka faskara a kaka kuwa an ceci abin da ya saura a jikinsa. Shawarar da ta dace da mutumin Ingila ba lallai ta dace da mutumin Gumel ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake shakkar duk wata fassarar jagorar makamashi da aka kwaso daga waje aka zuba cikin Hausa ba tare da an tambayi yanayin wurin ba.

Gara kuwa nata salon dabam ne, kuma a yankinmu ita ce ke da babban rabo a ɓarnar matattun itatuwa, fiye da funfuna. Tana cin ciki ta cike gurbin da ƙasa. Sakamakon haka gwajin nauyi yana yaudara: mutum ya ɗaga gungume ya ji shi da nauyi, ashe rabinsa yumɓu ne. Ƙasar nan tana dakushe bakin gatari, tana danne wuta, tana cika murhu da abin da ba toka ba. Maganinsa a faskara a bubbuga guntayen da juna har ƙasar ta zube, sannan a duba abin da ya rage. Naman itacen da gara ta bari lafiyayye ne, yana ci da wuta sarai.

Gwajin da masu sana'ar ke yi ya wadatar, kuma ban ga abin da na'ura za ta ƙara a kai ba. Ana buga itacen da bayan gatari. Idan ya amsa da ƙara mai kaifi, zuciya na nan. Idan ya yi "dum" kamar an bugi buhun dusa, an makara. Sai a soka tsinin wuƙa ko bakin lauje: inda ya shige ba gardama ruɓa ce, inda ya tsaya itace ne. Idan laushin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin gungumen ba, a ganina aikin ya biya.

Wa ke biyan kuɗin ruɓa?

Tunda ruɓa nauyi take ragewa ba girma ba, to tsarin cinikinmu ne ke yanke wanda zai cutu. A ƙasar Hausa ba a auna itace a sikeli. Da ido ake saye: ƙulli, dami, tari, kura, mota. Ko a Jamhuriyar Nijar, inda aka kafa kasuwannin itace na karkara tun farkon shekarun 1990 domin mutanen ƙauye su riƙa kula da dajinsu suna cin moriyarsa, ma'aunin da ake amfani da shi jerin itace ne mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Duk ma'aunin girma ne. A irin wannan ciniki, guntun da funfuna ta cinye rabinsa yana cin kuɗi daidai da lafiyayye, alhali rabin zafi zai bayar.

Wannan ya raba tambayarmu gida biyu. Manomin da ya tsinci gungume a gonarsa, ko matar da ta fita ɗibar itace a bayan gari, da gumi suke biya, kuma ruɓaɓɓen itace ya fi sauƙin faskare da ɗauka. Lissafinsu na iya fitowa da riba ko da rabin zafi suka samu, matuƙar wurin ba shi da nisa. Mai saye a birni kuwa ya biya sara, ya biya mota, ya biya dillali, duk a kan girman kaya. A wurinsa araha ba ta ado. Hasali ma ɗora ruɓaɓɓen itace a mota daga nesa ɓarnar mai ce, domin iska ake yi wa dako.

Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne ɗabi'ar cusa ruɓaɓɓun guntaye a tsakiyar dami a kewaye su da masu kyau. Sunansa algus, kuma babin ciniki a fiƙihun da muka tashi da shi bai bar shubuha ba game da ɓoye aibin kaya. Mai sayarwa yana da damar sayar da shi, amma a tari na daban da farashi na daban. Akwai masu buƙatarsa. Mai dafa ruwan wanka ko ɗumamen safe harshen wuta mai sauri yake so, kuma busasshen itace mai laushi yana kama wuta nan da nan, har yana iya maye gurbin ƙirare ko kara wajen hura murhu, ya kuma hana a kai ga leda da roba waɗanda gubarsu ta fi komai muni. Wanda ba zai yi masa amfani ba shi ne mai buƙatar garwashi: mai tsire, da mai gurasa, da mai gidan burodi, da matar da za ta kwana tana dafa kalwa don daddawa. Ruɓaɓɓen itace ba ya barin garwashi, daga harshen wuta sai toka. Maƙeri kuwa ba a ma kawo masa zancen, shi da gawayin ƙirya ne kawai ke gamsar da shi.

Batun hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne da za a wuce shi da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda girki da itace da gawayi da makamantansu ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin. Wanda ke yanke shawarar ɗauko gungume sau da yawa namiji ne, wadda za ta durƙusa tana fifita wutar da goyo a baya kuwa mace ce. Don haka sharaɗin busarwa da na gindaya ba ado ba ne. Idan ba za a iya jiran ya bushe ba, to a bar shi. Kada kuma a jibge shi a ɗakin kwana ko a lungun da iska ba ta shiga, domin ƙurar funfuna tana tayar wa masu asma ciwo. A jera shi a waje a kan duwatsu, nesa da bango da rumbu, don kada a yi wa gara jagora zuwa azarar ɗaki.

Hujjar ceton bishiya da inda take da rauni

Babbar hujjar masu goyon bayan amfani da mataccen itace ita ce, duk damin da aka samu daga gungumen da ya riga ya faɗi ya rage sarar mai rai. Na yarda da wannan, kuma shi ne ya sa nake kiran barin mai lafiyayyar zuciya asara. Binciken da Reginald Cline-Cole da Michael Mortimore da abokan aikinsu suka yi, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 1990 da sunan Wood Fuel in Kano, ya nuna cewa manoman kewayen Kano ba masu ɓarnar bishiya ba ne kamar yadda ake zato. Suna riƙe da itatuwan gonakinsu a matsayin dukiya, suna rage rassa suna amfani da matattu, kuma babban rabo na itacen birnin daga nesa ake kawo shi. Cin moriyar mataccen itace, ke nan, tsohon ginshiƙi ne na tattalin manomin Bahaushe.

Sai dai hujjar tana da ƙofar baya. Inda doka ko al'ada ta halatta ɗibar matacce ta hana sarar ɗanye, akan samu masu ƙera matacce da hannunsu. A zagaye gindin bishiya a kware ɓawon, ko a tara ciyawa a cinna mata wuta, a dawo bayan shekara a ce ai ta mutu. Mai gadin daji da dagaci sun san wannan dabara. Ita ce ta sa ba na son a mayar da maganar taken yekuwa, a ce "ku ƙona matacce ku bar mai rai", a tsaya nan. Itacen da ruɓa ta fara taɓawa ma yana da wata fa'ida a nan, domin shi shaida ne a kan kansa cewa ya daɗe da faɗuwa.

Rauni na biyu ya fi zurfi, shi ne zaton cewa gungumen da ke kwance a ƙasa zaman banza yake yi. Manoman Nijar sun daɗe da sanin akasin haka. A wuraren da ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya shiga, iri ba ya tsira, sukan shimfiɗa rassa da kara a kai. Rassan na tare yashi da ganyen da iska ta kwaso, gara ta zo ci, ta huda faƙon da ramukanta, ruwan sama ya sami hanya. Garar da muke zagi a kan azara ita ce ke yin huɗa kyauta a can. Irin wannan kula da abin da ƙasa ta riga ta mallaka ne ya haifar da farfaɗowar itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka himmatu wajen rainon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture maimakon tumɓuke su, aikin da aka ƙiyasta ya shafi kimanin hekta miliyan 5. Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, kututturen sabara ko kalgo ko gawo da samansa ya ruɓe yana iya kasancewa da saiwa mai rai a ƙasa. Wanda ya haƙe shi don wutar kwana biyu ya kashe bishiyar da za ta ba shi rassa shekara ashirin. A sare abin da ya mutu a sama, a bar gindin.

Gungumen da ya koma soso kuwa ya riga ya yi nisa a hanyarsa ta zama ƙasa. Zafin da ya saura a jikinsa kaɗan ne, amma yana riƙe danshi, yana ciyar da ƙananan halittu, yana mayar wa gona abin da bishiyar ta ɗebo daga ƙarƙashi tsawon rayuwarta. A ƙasarmu mai yashi, wadda takinta ke ƙonewa da wuri saboda zafi, wannan ba abin rainawa ba ne. Idan ya tare hanyar garma, a farfasa shi a watsa a kunya ko a zuba a ramin taki.

Akwai kuma abubuwa biyu da na cire daga lissafin riba da asara gaba ɗaya, domin rai suke taɓawa. Na ɗaya shi ne sarar ruɓaɓɓiyar bishiya da ke tsaye. Lafiyayyar bishiya tana bin inda mai gatari ya tsara mata ta faɗi saboda zarenta na riƙe da ita har ƙarshe. Mai kogo ba ta da wannan linzami: tana iya karyewa tun sara bai yi nisa ba, ko reshe ya ɓalle daga sama saboda girgizar bugu. Kogon kuma gidan zuma ne da rina. A ƙasa ma, ƙarƙashin gungume mafakar kunama ce da kububuwa, macijin da ya sa aka san asibitin Kaltungo a jihar Gombe. A juya gungume da sanda kafin a kai hannu, kuma kada a aiki yara. Na biyu shi ne tsohon katakon gini, da turakun lantarki, da katakon layin dogo. Waɗannan an shafe su ko an jiƙa su da baƙin mai da magungunan gara, wasu har da sinadarin arsanik, kuma ruɓewar da suka fara ba ta cire gubar ba. Yanzu da ake rushe tsofaffin gidaje a birane ana sayar da tarkacensu ga masu abincin sayarwa, wannan ya fi ruɓar daji zama abin tsoro.

Da na ce rikicin daga harshe ya faro, ina nufin har da namu gefen. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Jami'ar Bayero a 2006, kuma albarkacinsu sunayen itatuwa sun sami mazauni a rubuce. Amma sunan bishiya dabam, maganar halin da itacenta ke ciki dabam. Yadda mai faskare a Ɗanbatta ke siffanta ƙarar gungume, da kalmar da matar Gobir ke kiran itacen da ke tsartuwa a murhu, da yadda Bazazzagi ke bambance kogon gara da na ruɓa, ilimi ne da ke yawo a baki, kuma yana bambanta daga karin harshe zuwa wani. Nazarce-nazarcenmu na sana'o'in gargajiya sun yawaita a kan ƙira da jima da saƙa da rini, faskare kuwa kamar an ɗauke shi aikin ƙarfi ne da ba shi da kalmomin fannu. Wanda zai shirya wa gidan rediyo faɗakarwa kan hayaƙin girki, ko ya fassara wa malaman gona jagora, waɗannan kalmomi yake buƙata. Idan bai same su ba, zai ce wa mutane su guji "ruɓaɓɓen itace", su kuwa su ji abu uku dabam-dabam, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi.